Masu Bin Sawun Yashi: Daga Duwatsun Riruwai Zuwa Bakin Teku

Idan malami ya shiga aji ya ce kowa ya faɗi abin da yake son zama, da wuya amsoshin su wuce biyar: likita, lauya, injiniya, soja, matuƙin jirgin sama. Aikin da na kawo muku wannan makon ba ya cikin jerin. Aikin malamin jami'a ne a sashen jogirafi, wanda kakanninku suka sani da labarin ƙasa, kuma malamin da ya ƙware a fanni guda: yadda siffar doron ƙasa ke sauyawa, musamman a gaɓar teku, inda ruwa da tudu ke ja-in-ja dare da rana.

Na san ɗalibin Doguwa ko Tudun Wada zai ce, "Malam, ina ruwan biri da gada? Mu da teku ai sai a talabijin." Gaskiya ne, daga Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Amma ku ba ni aron hankalinku, domin yashin da ke kwance a bakin teku ba a can aka haife shi ba. A wurare irin Riruwai ake haihuwarsa.

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos ya ratsa dajin Falgore zai ga ƙasa ta fara tashi, har ya hango tsaunukan Riruwai, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,000 a kan matakin teku. Babu inda ya kai nan tudu a Jihar Kano. Idan aka kalle su daga sama, a hoton tauraron ɗan'adam, za a ga sun yi kewaye kamar zobe. Dalili shi ne, kimanin shekara miliyan 170 da suka shige, dutse mai aman wuta ne a wurin. Da ya amayar da abin da ke cikinsa sai rufinsa ya rufta, narkakken dutse ya biyo tsagar da ta kewaye shi ya daskare a ƙarƙashin ƙasa. Abin da muke gani yau saiwarsa ce. Irin waɗannan zobba sun jeru tun daga tsaunukan Azbin a Nijar har zuwa Afu a Jihar Nasarawa, kuma na arewa sun girmi na kudu.

To ina sauran dutsen ya tafi? Tambayar da wannan fanni ya ginu a kanta ke nan. Rana ta gasa dutse, dare ya sanyaya shi, ruwan sama ya shiga tsaga, saiwar itace ta buɗa ta. A cikin dutsen akwai ƙwayoyin da ruwa ke ruɓarwa su koma yumɓu, akwai kuma masu ƙyalli kamar gilashi waɗanda ba sa ruɓewa, sai dai su warware su zama yashi. Damina ta zo, rafi ya kwashe su. Yumɓu ba shi da nauyi, yakan yi nisa. Yashi yana tafe yana hutawa. Kuza kuwa ta fi su nauyi duka, sai ta kwanta a gindin rafi kusa da gida. Shi ya sa mai wankin kuza yake juya kwano har yashi ya fice, baƙin ya zauna. Mutanen Riruwai sun san wannan tun kafin zuwan Turawa, suna narka kuza suna sayarwa ga fatake, har wasunsu suka ƙaura suka kafa Riruwain Dalma a ƙasar Bauchi. Duk ɗan da ya taɓa tsugunawa kusa da mai wankin kuza ya riga ya ga darasin farko na wannan ilmi, ko da ba a faɗa masa sunansa ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa game da wannan yanki shi ne yadda ruwa ke rabuwa. Ruwan da ya gangara arewa yana shiga Kogin Kano, ya haɗu da Challawa a wajen Tamburawa, ya zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Wannan ruwa ba zai taɓa ganin teku ba. Amma ku ɗan matsa kudu zuwa ƙasar Lere da Saminaka, rafukan can Kogin Kaduna suke nufa, Kaduna ta zuba a Kwara, Kwara ta kai Tekun Atlantika. Hadari ɗaya zai iya zubar da ruwa a yammaci ɗaya, rabi ya tafi Borno, rabi ya tafi Bayelsa.

Yanzu bari mu ga mutumin da ya mai da wannan ya zama aikin rayuwarsa, a nan gida. Farfesa Emmanuel Ajayi Olofin ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da jogirafi a Jami'ar Bayero ta Kano. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Baƙo, kowa yana maganar abin da za a samu: noman rani a Kadawa da Kura, ruwan sha ga birnin Kano, kifi. Tafkin yana iya ɗaukar ruwa kusan kyubik mita biliyan 2. Shi kuwa Olofin sai ya yi wata tambaya dabam: me zai sami kogin da ke ƙasa da madatsar? A kan wannan ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1980, kuma a 1984 ya buga wani ɓangare na binciken a mujallar Applied Geography.

Ga yadda abin yake. Kafin Tiga, Kogin Kano faffaɗan shimfiɗar yashi ne, ya cika ya batse da damina, ya ƙafe da rani. Bayan an datse shi, babbar ambaliyar damina ta ragu, ruwa ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara a cikin siririyar hanya, sauran shimfiɗar ta fara tara laka da ciyawa. Amma ƙananan rafukan da ke zubowa daga gefe ba wanda ya datse su. A da sukan tarar da kogi a cike, su shiga a hankali. Yanzu sukan tarar ya yi ƙasa, sai su faɗo da ƙarfi, su riƙa cin gindinsu suna komawa baya, kwazazzabai su yi ta shiga gonaki. Manomin da gonarsa ke tsagewa bai taɓa kawo wa ransa cewa bangon da ke nesa da shi yana da hannu a ciki ba. Sai da wani ya yi shekaru yana zuwa da ma'auni da littafi, damina da rani, kafin a haɗa biyun. Olofin ya kuma rubuta littafi kan yanayin ƙasar Kano a 1987, wanda ɗaliban jami'a ke ambato a kundayensu har yau.

Kada ku ɗauka cewa mai irin wannan bincike maƙiyin madatsa ne. Tumatirin Kadawa da shinkafar Kura daga Tiga suke. Aikinsa shi ne ya faɗi riba ya faɗi hasara, da alƙaluma, ko da masu mulki ba sa son jin rabi na biyun. Mutanen Bebeji kuma ba sa bukatar a tuna musu abin da ruwa ke iya yi, domin iyayenku sun ga ɓallewar madatsar Bagauda a watan Agustan 1988.

Madatsa ba ruwa kaɗai take tarewa ba, har da yashi. A nan ne labarinmu ya isa bakin teku. Gaɓar teku kamar asusu take: kogi yana zuba yashi, igiyar ruwa tana kwasa. Muddin shiga da fita sun daidaita, gaɓar tana nan inda take. Ranar da aka rage shiga, teku zai ci gaba da kwasar rabonsa daga abin da ya tarar, wato filayen mutane da gidajensu. Yashin da ya taso daga ƙasar Lere, alal misali, sai ya ci karo da madatsar Shiroro a kan Kogin Kaduna. Na Kwara kuma akwai Kainji, da aka kammala a 1968, da Jebba a gabansa. A Ghana, bayan gina madatsar Akosombo a kan Kogin Volta a 1965, yashin da ke isa teku ya ragu ƙwarai, wannan kuma yana cikin dalilan da suka sa teku ya cinye babban ɓangare na garin Keta. A Masar ma haka bakin Kogin Nilu ya riƙa ja da baya bayan madatsar Aswan.

Misalin da ya fi shahara a Najeriya yana Legas, kuma ba madatsa ce ta jawo shi ba. A gaɓarmu, wadda tsawonta ya kai kimanin kilomita 850, igiyar ruwa tana zuwa a karkace daga kudu maso yamma, saboda haka a wajen Legas tana tura yashi daga yamma zuwa gabas. Daga 1908 Turawan mulkin mallaka suka fara gina dogayen katangun duwatsu da suka kutsa cikin teku, don kada yashi ya toshe mashigar jiragen ruwa. Jirage sun samu hanya. Amma yashin da ke tafe daga yamma sai ya taru a bayan katanga, gefen gabas kuma, wato Bar Beach, ya rasa mai ciyar da shi. Cikin shekarun da suka biyo baya teku ya ci fiye da kilomita guda a wurin. An yi ta zuba yashi da injuna ana kashe kuɗi, teku yana kwashewa, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello da ke Victoria Island. A kan wurin da teku ya cinye ne aka cike aka gina Eko Atlantic, masu bincike kuma yanzu suna sa ido kan ƙauyukan da ke gabas da shi. A Jihar Ondo akwai garin Ayetoro, inda gaɓar laka ce ba yashi ba, teku ya riga ya haɗiye gidaje masu yawa, mutane suna ta janye gidajensu baya.

Sai kuma abin da nake ganin zai ba ku mamaki: Arewa ma tana da gaɓar teku tata, sai dai ta ƙafe. Birnin Maiduguri yana zaune a kan wani dogon tudun yashi da ya miƙa ta Konduga zuwa Bama har cikin Kamaru. Masana sun tabbatar cewa igiyar ruwa ce ta tara shi. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000 ko fiye, wato ya ninka Jihar Kano wajen sau 17, kuma wannan tudu shi ne bakinsa. An tono gawayi da fasassun tukwane a cikin yashin a Konduga, shekarunsu sun haura 6,000. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwalen da aka auna aka ga ya kai shekara 8,000. Bayan haka ku tuna da jigayin yashi da Jihar Jigawa ta samo sunanta daga gare su. Wani masani daga Jami'ar Kambirij ta Ingila, A. T. Grove, ya nuna a 1958 cewa tsofaffin tuddan hamada ne da iska ta jera a wani zamanin fari mai tsanani. Ke nan ƙasar da muke takawa ta taɓa zama hamada, ta kuma taɓa zama bakin ruwa. Wanda ya iya karanta tudun Bama zai iya karanta gaɓar Badagry, domin haruffan ɗaya ne.

Yaya ranar irin wannan malami take? Kashi mafi girma a aji ne da ofis: lacca ga ɗalibai ɗaruruwa, duba takardun jarrabawa, gyaran kundin 'yan ajin ƙarshe, taron sashe. Lokacin hutu ne yake samun fita daji. Zai kafa turaku a bakin kwazazzabo ko gaɓa, ya auna, ya ɗebi ƙasa a leda ya rubuta lamba, ya koma ɗakin gwaji ya busar, ya tankaɗe ta da rariya iri-iri don ya san girman ƙwayoyinta. Akwai ma na'urar da ke iya faɗin yaushe rabon ƙwayar yashi da ganin hasken rana, da haka ake sanin shekarun tudu. Sauran aikin a kwamfuta ne. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, kuma tun 2008 kyauta ake ba da hotunan. Yana zaune a Kano zai iya jera hoton Ayetoro na shekara 40 ya auna mita nawa teku ya ci. Daga nan ya rubuta sakamako ya aika wa mujalla, wasu masanan da bai san su ba su yi masa tankaɗe da rairaya, wani lokaci su dawo masa da shi sau biyu ko uku. Da waɗannan rubuce-rubuce ake samun ƙarin girma, daga mataimakin malami har zuwa farfesa.

Hanyar kuwa daga ajin da kuke take farawa. Jogirafi ya zama darasin zaɓi, kuma ɗalibai da yawa suna gudunsa saboda tsoron karatun taswira. A ganina wannan hasara ce babba, domin taswirar ita ce zuciyar abin, kuma wanda ya zauna da ita mako biyu da malami mai haƙuri zai ga ba dodo ba ce. Ku riƙe lissafi da kyau, ku haɗa da kimiyyar fiziks ko kemistiri in da hali, Turanci kuma dole ne tunda da shi za ku yi rubutu. Haɗin darussan JAMB yakan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, don haka ku duba ƙasidar hukumar ta shekarar da za ku zauna, kada ku dogara da abin da yayanku ya cike. Akwai sashen jogirafi a Bayero, da Ahmadu Bello, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, da ta Maiduguri. Digiri na farko shekara 4 ne, hidimar ƙasa 1, digiri na biyu kamar 2, na uku 3 zuwa 5. Wanda ya ƙudurta komawa gaɓar teku zai iya yin digiri na biyu a Legas, ko Fatakwal, ko Kalaba, kuma akwai cibiyar binciken teku ta tarayya, NIOMR, a Legas tun 1975.

Ba zan ɓoye muku ba, ba a shiga wannan aiki don a yi kuɗi. Abokinka da ya shiga kasuwar Kwari bayan sakandare yana iya sayen mota kai kana kan rubuta kundi. Kuɗin bincike yana wuyar samu, na'urori da yawa babu su a jami'o'inmu, sai an aika samfur waje. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya kai wata 8. Rashin tsaro kuma ya sa akwai dazuzzukan da malami ba zai iya kai ɗalibai ba yanzu. Wanda ya yi digirin ya ga koyarwa ba ta karɓe shi ba, yana da wasu ƙofofin: hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are mai hedikwata a Kano, hukumar NIHSA mai hasashen ambaliya, hukumar sararin samaniya ta NASRDA, ma'aikatun muhalli, da kamfanonin safiyo.

Abin da ya sa na dage duk da haka shi ne wannan. Ku duba sunayen da suka fito da Riruwai a littattafan kimiyya na duniya. Jacobson da MacLeod da Black ne suka wallafa babban bayani kan waɗannan zobban duwatsu a 1958. A 1985 Judith Kinnaird da Peter Bowden na Jami'ar St Andrews da ke Sikotilan, tare da abokan aikinsu, suka buga cikakken nazari kan ma'adinan Riruwai. Kinnaird, wadda 'yan matanmu ya kamata su riƙe sunanta, daga baya ta zama farfesa a Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu. Su masana duwatsu ne, abin da ke cikin ƙasa suka nema, kuma sun yi aiki mai kyau. Amma tambayoyin da suka shafi saman ƙasa suna nan jibge. Ramukan da masu haƙar ma'adinai suka bari, ina ƙasarsu take gangarawa? Nawa ne daga cikinta ke ƙarewa a gindin Tiga kowace damina, tana rage wa tafkin ciki? Idan aka ci gaba da sare itatuwa a gangaren tsaunuka, rafi zai ƙara gudu da nawa? Bayan ɓallewar madatsar Alau da ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024, ba wanda zai ce waɗannan tambayoyin 'yan boko ne kawai. Baƙo zai zo ya yi wata biyu ya tafi. Ɗan gari ya san inda rafin yake bi lokacin yana firamare, ya san dattijon da zai gaya masa inda ya bi kafin nan, kuma zai iya komawa kowace damina har shekara 30.

Ga aikin da za ku iya farawa da shi a wannan daminar, ku uku ko huɗu, da sanin malaminku. Ku nemi ƙaramin kwazazzabo kusa da makaranta. Ku kafa turaku biyu masu ƙarfi a bayan kansa, ɗaya taku 5 daga baki, ɗaya taku 10, don in ƙasa ta tafi da na farko na biyu ya tsira. Ku ari tef ɗin tela ko na magina ku auna daga turke zuwa baki, ku rubuta da kwanan wata. Ku maimaita duk ranar Asabar, ku kuma rubuta ranakun da aka yi ruwa mai ƙarfi. Kada kowa ya tsaya a kan leɓen ramin bayan ruwa, domin ta ƙasa yake cin kansa, kuma ku nisanci tsofaffin ramukan kuza ko da sun yi kama da tafkin wanka.

Na biyu ya fi sauƙi. Bayan ruwa ya ɗauke kuma rafi ya lafa, ku ɗebi jan ruwansa daga gefe a gorar roba mai haske, ku girgiza ku ajiye a kan taga. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, laka mai laushi cikin 'yan sa'o'i, yumɓu kuwa sai ya kwana biyu ko fiye ruwan bai washe ba. Ku auna kaurin kowane da rula. Ku ɗebo gora ɗaya daga rafin da ya ratso gonaki, ɗaya daga wanda ya fito daga daji mai itatuwa, ku jera su. Makarantar da ta yi wannan har ƙarshen Satumba ta aiko mana da alƙalumanta da sunan rafin, za mu buga su a wannan shafi a watan Oktoba, in Allah ya kai mu.